Yadda Ake Kallon Bijimi a Zanen Goya da Pikaso

Duk mai koyon zane a jami'a ko kwalejin ilimi, da wanda ma sha'awa ce kawai ke sa shi duba ayyukan manyan masu zane a wayarsa, wata rana sai ya yi kiciɓis da bijimin Sifaniya. Baƙin sa ne ya sunkuyar da ƙaho, mutum na gabansa riƙe da ƙyalle ko mashi, jama'a sun kewaye fili suna kallo. Yawancinmu a nan muke tsayawa. Mu ce sa yana nufin ƙarfi, mutumin yana nufin jarumta, shi ke nan mu wuce. Wasu kuma kau da kai suke yi, don abin da ake yi wa dabbar ba shi da daɗin gani, kuma ina tare da su a wannan ƙyamar. Mu da aka hore mu da wasa wuƙa kafin yanka don kada dabba ta sha wuya, ba za mu ga ana sukan sa a hankali har ya faɗi mu ce burgewa ce ba. Sai dai zanen da Faransisko Goya da Pablo Pikaso suka buga a kan wannan wasa ya ƙunshi tsoro da tausayi da fushi da kewar gida, kuma wanda ya wuce da sauri ya yi asarar ganinsu. Babbar shawarata ita ce kada ka zo da fassararka a aljihu. San da ke wannan takarda daban yake da na waccan, ko da hannu ɗaya ne ya zana su. Kowace takarda sai an tambaye ta.

Ka fara da neman hoto mai kyau. Zanen Goya na wannan wasa ƙanana ne, kowanne kimanin santimita 25 a tsaye da 35 a kwance, kuma rabin maganarsa tana cikin ɗige-ɗigen da ido ba ya kamawa sai an matso. Hoton da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya ya riga ya zubar da su. Gidan tarihi na Prado da ke Madrid, da Metropolitan na Niyok, da British Museum na Landan, duk sun sa hotunan a shafukansu na intanet, ana iya buɗewa a ƙara girmansu kyauta. Ka rubuta "Goya Tauromaquia" tare da lambar zanen da kake so. Idan da hali ka duba a kwamfuta, don fuskar waya ta yi ƙanƙanta. Da hoton ya buɗe, ka rufe sunansa da hannu, ka yi 'yan mintoci kana kallo kafin ka karanta. Haka ma masu saye na farko suka gan su: Goya lamba kaɗai ya sa a jikin kowane zane, sunayen kuwa a wata takarda daban aka buga su.

Sannan ka san tsarin wasan, ko da a taƙaice, don in ba ka san shi ba za ka ga mutane da dawaki ne kawai a hargitse. Kashi uku ne. Da farko mahaya dawaki, waɗanda ake kira fikado, su soki sa da dogon mashi a tsokar bayan wuya, don wuyan ya yi rauni kansa ya sauko. Sai masu gudu a ƙasa su kafa masa sanduna masu ƙugiya a doro, bibbiyu. A ƙarshe matado ya fito shi kaɗai da jan ƙyalle da takobi, ya yi ta janyo san yana kaucewa, har ya soke shi tsakanin kafaɗu. Idan ka ga mashi da doki, farkon wasa kake. Idan ka ga sanduna na reto a doron sa, ya riga ya jigata. Wannan kaɗai zai sauya yadda kake ganin tsayuwar dabbar. San da ya tsaya cak a gaban takobi ya riga ya zubar da jini, ƙarfinsa ya kusa ƙarewa, ko da a ido ya yi kama da mai taurin kai.

Bahaushe ba baƙon irin wannan fage ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa wurin hawan ƙaho, ya ga ɗan mahauta ya faɗa tsakanin ƙahonin sa ana kiɗa ana kirari, ya san yadda numfashin taro kan ɗauke gaba ɗaya, ya san yadda mutum kan ji tsoro da daɗi a lokaci guda har ya rasa wanne ya fi. Ka riƙe wannan sani, zai yi maka amfani. Amma ka riƙe bambancin ma. A hawan ƙaho sa yana ɗaure da igiya, kuma ko da za a yanka shi daga baya, yankan ba shi ne abin kallo ba. A Sifaniya an kiwata san ne musamman don faɗa, a sake shi babu igiya, kuma mutuwarsa a gaban jama'a ita ce ƙarshen da kowa ya biya kuɗi ya zo gani. Saboda haka mutuwa tana cikin kowace takarda, har wadda ba a ga gawa ba.

Abu na gaba da mutane kan tsallake shi ne yadda aka yi zanen, alhali nan ne mabuɗin. Waɗannan ba zane ne da aka yi kai tsaye a takarda ba. Ana shafe farantin jan ƙarfe da wani abu mai kama da kakin zuma, mai zane ya karce shi da allura, a tsoma a ruwan asid, asid ya ci ƙarfen a inda allura ta bi. Sai a cusa tawada a cikin karcen, a goge saman, a ɗora takarda mai danshi, a matse da inji. Don samun launin toka da duhu kuma, ana barbaɗa garin ƙaro a kan farantin, a ɗumama shi ya manne, asid ya ci tsakanin ƙwayoyin ya bar ƙananan ramuka masu riƙe tawada. Wannan dabara ce ake kira akwatin, kuma Goya gwaninta ne. Abin da za ka ɗauka a nan guda biyu ne. Na farko, babu farar tawada. Duk farin da ka gani takarda ce tsura, wadda mai zanen ya kare da gangan don kada asid ya taɓa wurin. In ka ga fari a ƙirjin doki ko a rigar mutum, sai ka ce an nuna maka wurin da yatsa. Na biyu, abin da aka zana a faranti a juye yake fitowa, kamar rubutun hatimi. Pikaso ya gamu da wannan a bugunsa na farko a 1899, yana saurayi: ya zana fikado, da aka buga sai mashin ya koma hannun hagu, ya sa wa zanen suna Bahago.

Ka kuma lura da abin da baƙi da fari suka cire. A filin wasa na gaske akwai jan ƙyalle, da kayan ado masu zaren zinariya, da jini. A takardar Goya babu ko ɗaya. Ja ɗin ma na 'yan kallo ne, don sa ba ya bambance ja, motsin ƙyalle yake bi. Da launi ya tafi, kwalliyar wasan ta tafi, sai haske da inuwa suka rage. Shi kansa filin a rabe yake gida biyu, kujerun inuwa masu tsada da kujerun rana masu araha, kuma Goya ya yi amfani da wannan rabuwa sosai. Kullum ka tambayi kanka wa ke cikin rana, wa ke cikin inuwa.

Yanzu sai mu shiga Goya sosai. An haife shi a 1746 a ƙauyen Fuwendetodos kusa da Saragosa, ya zama mai zanen fadar sarki, wata rashin lafiya ta kurmantar da shi wajen 1793. Jerin zanensa na wasan sa, guda 33, ya fito a 1816 yana da shekara 70. Ka riƙe wannan shekara da kyau. Daga 1808 zuwa 1814 Sifaniya tana cikin yaƙi da sojojin Napoliyon, Madrid ta sha yunwa, kuma a waɗannan shekaru Goya yana karce wani jerin a ɓoye a kan ta'asar yaƙin, wanda ba a buga ba sai 1863, shekara 35 bayan rasuwarsa. Da Sarki Fernando na Bakwai ya dawo mulki a 1814 ya matsa wa masu ra'ayin sauyi, ya maido da kotun binciken aƙida ta coci. A irin wannan lokaci wasan sa batu ne da mutum zai buga ba a kira shi a tuhume shi ba. Amma hannun da ya zana gawarwakin yaƙi shi ne ya zana wannan, kuma ya nuna. In ka ajiye zane na 12, inda gungun mutane suka yi wa sa taron dangi da masu suna datse masa agara, kusa da kowane zanen yaƙin, za ka ga fuskokin iri ɗaya ne. Jerin bai yi kasuwa ba. Mutanen Madrid sun saba da irin na Antoniyo Karnisero na 1790, mai tsabta, mai nuna matakan wasa ɗaya bayan ɗaya yadda baƙo zai saya ya tafi da shi gida. Ka nemi na Karnisero ka duba, don sai ka ga abin da aka saba da shi za ka gane girman abin da Goya ya sauya.

Zanen farko-farko na jerin tarihin wasan suke bayarwa, kuma a nan mai karatu Musulmi zai ga abin da zai ja hankalinsa: mutane masu rawani da jallabiya suna wasa da sa, daga na 3 zuwa na 8. Musulmin Andalus ake nufi. Goya ya bi wani ɗan littafi ne na Nikolas Fernandes de Moratin na 1777, wanda ya ba su babban matsayi a asalin wasan. Kada ka ɗauki wannan a matsayin hujjar tarihi, don masana ba su yarda da labarin yadda Moratin ya kawo shi ba, kuma tufafin da Goya ya sa musu sun fi kama da na sojojin Mamluk da Napoliyon ya shigo da su Madrid a 1808, waɗanda mutanen birnin suka gani da idonsu. Haka na 10 da na 11, inda aka nuna Sarki Karlos na Biyar da jarumi El Sid suna sukan sa a kan doki: labarin da ƙasa ke ba kanta ne game da kanta. Ka kalle su, ka wuce. Zuciyar aikin tana gaba, inda Goya ya koma kan mutanen zamaninsa.

Buɗe na 20. Wani ɗan wasa, Huwanito Apinyani, ya kafa doguwar sanda a ƙasa ya yi tsalle ta saman sa. Goya ya tsayar da shi a sama, ƙafafu a iska, sandar a miƙe, ƙahon na dab da ita. Ƙiftawar ido ɗaya nan gaba ko dai ya sauka lafiya a bayan san, ko sandar ta tafi. Duba ƙasa: inuwar mutum da ta dabba sun haɗe sun zama abu ɗaya. Duba sama: 'yan kallo sun cunkushe a gefe guda, sauran bencin fayau. Wannan ita ce takarda mafi sauƙin nauyi a jerin, kuma ko ita ta ginu ne a kan abin da bai faru ba tukuna. Dabara ce da za ka riƙa nema: wane lokaci mai zane ya zaɓa, kafin abin, ko tsakiyarsa, ko bayansa? Wanda ya zaɓi kafin abin, fargaba yake so ka ji.

Sai ka juya zuwa na 21, wanda a ganina ya fi kowanne. A 1801 wani sa ya tsallake shinge a filin Madrid ya faɗa cikin 'yan kallo, ya kashe magajin garin Torehon. Goya ya nuna san a tsaye a saman benci, gawar mutumin a rataye a ƙahonsa, jama'a a ƙarƙashinsa suna tattake juna. Sauran takardar kuwa, wajen rabinta, benci ne wayam cikin rana, babu kowa. Ɗalibi da aka koya wa daidaita zane zai ce nauyi ya karkata gefe ɗaya. Karkatar ita ce maganar. Wurin da babu kowa yana nuna inda mutane suke zaune ɗazu, ya sa ka ji gudunsu. Kuma ka dubi san da kyau: shi kaɗai ne a natse. Bai yi kama da mugu ba, bai yi kama da mai murna ba, yana tsaye ne kamar bai san abin da ya yi ba. Waɗanda suka zo kallon mutuwa daga wuri mai aminci, mutuwa ta hauro ta same su. In wani ya ce maka sa a nan ƙaddara ce, ba zan musa ba, amma ka tabbata ka ga bencin nan da natsuwar nan da idonka kafin ka karɓi kalmar.

Na 33 shi ne rufin jerin, mutuwar Pepe Iyo. Sunansa na yanka Hose Delgado, yana cikin manyan matado na zamaninsa, kuma da sunansa aka buga littafin koyar da wasan a 1796. Ranar 11 ga Mayu 1801 sa ya kama shi a filin Madrid ya kashe shi. Goya ya karce wannan mutuwa a faranti uku kafin ya zaɓi ɗaya. Sauran biyun suna cikin guda 7 da ya ajiye, waɗanda aka fitar a Faris a 1876, jerin ya zama 40. A wanda ya zaɓa, Pepe Iyo yana kwance a ƙasa, sa ya danne shi da ƙaho, mahayi ya taho da mashi amma ya makara. Ka yi tunani a kan zaɓin. Yana da Pedro Romero, wanda ya yi shekaru yana kashe shanu ya kuma mutu da tsufansa, ya sa shi a na 30. Da ya so ya rufe da nasara, da shi zai rufe. Sai ya rufe da mutumin da ya rubuta ƙa'idojin tsira, a ƙarƙashin sa. Matsayin zane a cikin jeri magana ne, don haka kada ka kalli guda ɗaya ka tashi. Ka san me ya gabace shi, me ya biyo shi.

Kada ka manta da doki. Mutane kan zuba wa sa da matado ido su bar shi, alhali shi ne wanda aka fi zalunta. A zamanin Goya dawakin fikado ba su da wata kariya, sai a 1928 aka wajabta sa musu lifidi. Kafin nan sa kan farke cikin doki a gaban jama'a, wani lokaci dawaki da yawa a yini ɗaya, kuma galibi tsofaffi ne da aka saya da araha don wannan aiki. Sa yana da ƙaho, mutum yana da mashi kuma shi ya kawo kansa. Doki ba shi da ko ɗaya. Duba na 32, inda sa ɗaya ya kayar da rukuni biyu na mahaya a jere, ka ga yadda dawaki suka zube. Duk inda ka ga farin doki a ƙasa a zanen Sifaniya, ka dakata a kansa, don yawanci nan mai zanen ya ajiye tausayinsa. Za ka sake haɗuwa da wannan doki a wurin Pikaso, bakinsa a buɗe.

To Goya masoyin wasan ne ko mai sukarsa? Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan. Masu cewa masoyi ne suna da hujja: abokinsa Leyandro Moratin ya rubuta a wasiƙa cewa tsohon yana faɗin shi ma ya yi wasa da sa a ƙuruciyarsa. Masu cewa mai suka ne su ma suna da tasu: cikin abokansa masu ilimi akwai masu ƙin wasan, an ma haramta shi a 1805 kafin a dawo da shi, kuma sunayen da ya ba zanen ɗan wasa Martincho, wanda ke fuskantar sa a zaune a kujera da mari a ƙafa a na 18, sannan a tsaye a kan teburi a na 19, sun kira abin ganganci da hauka. Ni dai ina ganin duka biyun gaskiya ne, kuma ba na son a tilasta masa zaɓen ɗaya. Mutum kan so abu tun yana yaro, ya girma ya ga muninsa, son bai fita ba, ganin ma bai gushe ba. In kana rubuta jarrabawa ko maƙala, ka kawo hujjar kowane ɓangare daga cikin takardar, ka faɗi inda kai ka karkata.

A 1824 Goya ya bar Sifaniya ya koma Bordo a Faransa. A can, a 1825, yana da shekara 79, kurma, idonsa ya raunana har sai da gilashin ƙara girma, ya yi manyan zane huɗu da sabuwar dabarar bugun dutse, inda ake zane da baƙin alli mai maiƙo a kan dutse mai laushi. Ya jingine dutsen a tsaye, ya shafe shi da toka-toka, ya riƙa kankare haske da wuƙa. An buga ɗari-ɗari na kowanne. A waɗannan, ka bar sa ka kalli jama'a. Sun fito daga benci sun cika filin, sun yi zobe, fuskokinsu sun zama dunƙule-dunƙule masu wage baki. Ɗaya daga ciki sunansa Nishaɗin Sifaniya, kuma a cikinsa shanu na tattake mutane, na kusa da su suna dariya. Tsoho ne a ƙasar wasu yana tuna tasa, yana kewarta, yana kuma tuna abin da taronta kan zama. Wannan ita ce tambayar da na fi so ka riƙa yi wa kowane zanen wasan sa: an zana 'yan kallo da fuska ko babu? Suna tsoro ne, ko suna jin daɗi? Kuma kai da ke riƙe da takardar, a wane benci aka zaunar da kai?

Pikaso ya zo da wani abu daban: ya shigar da san cikin jikinsa. An haife shi a Malaga a 1881, mahaifinsa ya riƙa kai shi filin wasa tun yana ƙarami. A shekarun 1930 ya ɗauko Minoto daga tatsuniyar Girkawa, halitta mai jikin mutum da kan sa, ya yi ta zana shi a cikin jerin guda 100 da ya yi wa dillalin zane Ambruwas Volar daga 1930 zuwa 1937. Wani wuri Minoto na shagali, wani wuri yana afka wa mace, wani wuri yana mutuwa a fili, wani wuri kuma ya makance wata yarinya na yi masa jagora. Halitta ɗaya ce, amma a nan abin tsoro, a can abin tausayi. Babban aikinsa a wannan fanni shi ne na 1935, wanda za ka samu in ka rubuta "Picasso Minotauromachy". Ka bi shi a hankali daga gefe zuwa gefe. Ƙaton Minoto ya taho ya miƙa hannu. A tsakiya doki ne da cikinsa a farke, a bayansa mace cikin kayan matado a sheme, takobi a hannunta. Wata yarinya ta tsaya a gabansu, kyandir a hannu ɗaya, furanni a ɗayan, ba ta ja da baya ba. Wani mai gemu yana hawa tsani yana waiwaye, mata biyu na leƙe ta taga da tattabaru a gabansu. A shekarar aurensa da Olga ya watse, budurwarsa Mari-Teres kuma tana ɗauke da cikinsa. Sanin wannan yana taimakawa, amma kada ka mai da zanen lissafi, ka ce wannan wance ce, wancan wane ne, ka rufe. Ka tsaya a kan hannun nan da ya miƙa wajen kyandir: kashe hasken yake so ya yi, ko kare idonsa yake, ko lalube yake irin na makaho? Pikaso bai warware ba, kuma ƙarfin zanen yana cikin rashin warwarewar.

Shekara biyu bayan haka, ana yaƙin basasa a Sifaniya, ya buga Mafarki da Ƙaryar Franko, faranti biyu masu ƙananan hotuna 18. A can sa ne ke tunkarar Janar Franko yana tunkuyinsa, wato yana tsaye a madadin mutanen Sifaniya. A shekarar dai, bayan ruwan bama-baman da aka yi wa garin Gernika ranar 26 ga Afrilu 1937, ya yi babban zanen fenti mai sunan garin, da sa da doki a ciki. Da aka tambaye shi ma'anarsu, a 1945 ya ce san zalunci ne da duhu, dokin kuma jama'a. Daga baya ya ce sa sa ne, doki doki ne, mai kallo ya ga abin da ya gani. In mai zanen da kansa ya ba da amsa biyu, to ka yi hattara da duk littafin da ya ba ka ɗaya tak.

Wanda ke koyon zane da hannunsa, ya nemi shanu 11 da Pikaso ya buga a kan dutse ɗaya a ɗakin bugu na Murlo a Faris, daga Disamba 1945 zuwa Janairu 1946. Ya fara da sa mai tsoka da gashi, ya ƙara masa nauyi, sannan ya shiga ragewa har ya koma 'yan layuka. Ka jera su ka rubuta abin da ya fita a kowane mataki da abin da ya ƙi fita. Kai ya ƙanƙance ya kusa ɓacewa, amma ƙaho da doron baya da abin da ke nuna namiji ne sun tsaya har ƙarshe. Daga nan za ka san abin da shi yake ɗauka sa ne.

A 1957 ya yi nasa jerin na wasan sa, guda 26, don ƙawata littafin nan na Pepe Iyo, aka buga a Basalona a 1959. Da buroshi ya yi su, yana tsoma shi a tawada mai sukari yana ɗiga a faranti, mutane da shanu suka fito kamar ɗigon baƙi a kan farin fili mai rana. Ba ka ganin fuska, da wuya ka ga ciwo. Rabonsa da Sifaniya tun 1934, ya ƙi komawa muddin Franko na mulki, ya kuwa rasu a 1973 bai koma ba. Wasan da yake kallo a garuruwan kudancin Faransa shi ne abin da ya rage masa na gida. Goya ya tuna gida daga Faransa zanensa ya ƙara duhu, Pikaso ya tuna daga can nasa ya ƙara haske. Ni na fi amincewa da na Goya, don bai ɓoye mini doki ba.

Ga aikin da zan ba ka. A cikin jerin na 1957 akwai tsalle da sanda, gaisuwa ce ga na 20 na Goya. Ka buɗe su biyun gefe da gefe. Ka ɗauki fensir da takarda ka kwaikwayi kowanne da launi uku kacal, fari da toka da baƙi, ba tare da zana fuska ko ƙaho ba, dunƙulen haske da duhu kawai. Sai ka rubuta layi biyar a ƙarƙashin kowanne: ina idonka ya fara sauka, wa ke cikin haske, ina babu kowa, ina jama'a, wane lokaci aka tsayar. In ka gama, ka yi wa na 21 da na 33 haka, sannan ka karanta abin da gidan tarihin ya rubuta a kansu. Ka duba kuma shekarar bugun da suka sa a shafin, don an sake buga farantan Goya a 1855 da 1876 da bayan nan, kuma ɗige-ɗigen akwatin kan lalace da yawan matsa. In shafin ya ce bugun 1816 ne, da shi za ka yi aiki.